Yadda Za Ka Miƙa Aikin Waya ga Mataimaki na Nesa: Jagora ga 'Yan Kasuwar Kumasi

Ciniki a Kejetia da Adum da Alabar yanzu ya rabu gida biyu, wani a bakin shago, wani a cikin waya. Mai atamfa tana auna wa wata yadi shida, wayarta na ta ƙara: wannan na tambayar farashi, waccan a Tamale tana son a sake turo mata hoton leshi, direban da aka ba saƙo tun safe ya ƙi ɗaga waya. Kafin ta juyo, wadda take auna wa ta gaji ta wuce shagon gaba. Saƙonnin da ba a amsa ba kuma sai bayan isha'i, lokacin da mai tambayar ta riga ta saya a wani wurin.

Mataimaki na nesa mutum ne da ka ɗauka ya riƙe maka irin wannan aikin daga inda yake zaune, a Aboabo ne ko Asawase ko Nima, da wayarsa ko kwamfutarsa. Yana amsa saƙonni, yana rubuta oda, yana bin direba, yana ɗora hotunan kaya. Amma akwai abin da ya bambanta shi da yaron shago, kuma duk tsarin a kansa ya tsaya: ba ya ganin kanta. Bai san jan leshin nan ya ƙare jiya ba, bai san Hajiyar Tafo ba a yi mata farashin baƙo. Abin da ka rubuta masa shi kaɗai yake gani. Wanda ya ɗauki mataimaki alhali sana'ar duk a cikin kansa take, ƙarin aiki ya saya wa kansa, don yanzu zai amsa wa kwastoma ya kuma amsa wa mataimakin.

Fara da ƙirga inda lokacin yake tafiya

Kafin ka nemi kowa, ɗauki mako guda kana rubuta duk abin da ka yi da waya saboda sana'a, da mintunan da ya ci. Bayan littafin bashi ma ya isa. A ce saƙo 40 ke shigowa a yini, kowane yana cin minti 3 tsakanin karantawa da neman hoto da amsawa: awa 2 ke nan. A kwana 6 ya zama awa 12, wajen awa 50 a wata.

Da ka duba abin da ka rubuta za ka ga wani aikin sai da hannu da ido a shago, kamar auna yadi da ƙunshe kaya. Wannan na yaron shago ne. Wani sai da hukuncinka: yanke farashi, ba da bashi, ciniki da dillali, lallashin tsohon kwastoma da ya fusata. Wannan naka ne, kada ka bayar da shi a watannin farko. Abin da ya rage, wanda kake maimaitawa kullum da kalmomi kusan iri ɗaya, shi ne na mataimaki. Ka zaɓi guda biyu kacal a fara da su. Mafi dacewa su ne amsa tambayar farashi da bin saƙon da aka sa a mota har ya isa, don su suka fi cin lokaci, kuskure a cikinsu kuma yana gyaruwa.

Takardar kaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin mutane ke yin kasala. Buɗe takardar lissafi a Google Sheets, kyauta ce, tana aiki a waya. Kowane kaya layi ɗaya: lambarsa, sunansa, launi, awo, farashin ɗaiɗai, farashin sari da adadin da sari ke farawa, nawa ya rage a shago, da ranar da aka ƙirga.

Lambar kaya ta fi komai muhimmanci. Kwastoma za ta ce "irin shuɗin nan na jiya", alhali shuɗi biyar aka ɗora jiya. Ka ba kowane zane gajeriyar lamba, kamar A14 ko L07, ka rubuta ta a ƙaramin kwali, ka ɗora a kan kayan kafin a ɗauki hoto, yadda lambar za ta fito a cikin hoton kansa. Ka manna irinta a jikin bandir ɗin da ke shago. Daga ranar, mataimaki da yaron shago da kwastoma duk lamba suke kira, ba sauran aika wa mutum koren da bai ce ba.

Awo ma a rubuta shi ƙarara. Cikakken turmi yadi 12 ne, rabi yadi 6. Idan farashin da ke takarda na rabi ne, a sa "yadi 6" kusa da shi. Haka kamfani: GTP daban, ATL daban, Hitarget daban, ko da zanen ya yi kama. Mataimakin da bai taɓa riƙe atamfa ba ba zai gane bambancin a hoto ba, sai ka rubuta.

Sai maganar kuɗi, wadda ta keɓanta da Ghana. Tun watan Yuli na 2007 aka canza kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma har yau manya da yawa a kasuwa da tsohon lissafi suke magana. Mai cewa "miliyan biyu da rabi" sidi 250 take nufi, "dubu ɗari biyar" kuma sidi 50. Matashin da ya taso bayan canjin yana iya rikicewa, musamman a saƙon murya. Ka kafa doka: ko da wane lissafi kwastoma ya yi magana, mataimaki ya maimaita masa adadin a rubuce da sabon sidi, ya jira ya amsa, sannan a rubuta oda.

Farashin da ka sayo kaya da sunayen dillalanka kada su shiga wannan takarda. Ɓoye layin bai wadatar ba, duk wanda ka ba damar shiga yana iya kwafe takardar ya gani. Buɗe musu wata daban wadda kai kaɗai ke shiga. A ta mataimaki kuma ka kulle layin farashi yadda kai kaɗai ke iya canza shi, ka bar masa shafin oda a buɗe. Google Sheets yana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi da sunan wanda ya yi, in gardama ta taso can za a duba.

Adadin kayan da ya rage a gyara shi sau biyu a yini, da safe kafin a buɗe da kuma bayan la'asar. Abin da ya rage biyu ko ƙasa da haka, mataimaki kada ya yi alkawarinsa sai ya tambayi shago. Sayar da abin da babu, a karɓi kuɗi, a dawo ana ba da haƙuri, shi ne abin da ya fi saurin korar kwastoman waya.

Iyakar hukuncinsa

Idan ba ka faɗa masa inda ikonsa ya tsaya ba, ɗayan biyu zai faru. Ko ya dame ka da kira a kan ragin sidi 5, ko ya yi maka ragin da zai cinye ribar. Rubuta masa shafi ɗaya da lambobi. Misali: ragi har sidi 10 a rabin turmi ya yi da kansa, sama da haka ya tambaya. Bashi babu, ko wa ya roƙa, ko da an ce "ni ƙanwar Alhaji ce". Ana riƙe wa mutum kaya awa 24 ba tare da kafin alƙalami ba, bayan nan a sake su. Maganar mayar da kaya ko mayar da kuɗi, ya karɓi hoto da bayani, ya ce za a kira, ya turo maka. Lambobin naka ne, kai ka san ribarka, amma su kasance lambobi. "Ka yi abin da ya dace" ba umarni ba ne.

Ka haɗa da sunayen tsofaffin kwastomominka goma ko ashirin, da yadda ake kiran kowa da farashin da ake yi masa. Wadda ta shekara tana saye a wurinka ta ji an amsa mata kamar baƙuwa, ba gaisuwa ba tambayar gida, za ta gane nan take ba kai ba ne, kuma za ta ji zafi. Gara a gaya mata tun farko: "Salamu alaikum Hajiya, barka da warhaka, ya gida ya yara? Ni ne mai taya Alhaji amsa saƙo yanzu. Duk abin da kike so ki faɗa mini, in kuma shi kike son ji zan sa ya kira ki."

Abin da ya yi wuyar rubutawa, nuna shi. Yawancin wayoyin yanzu suna iya ɗaukar bidiyon fuskar waya tare da murya. Kunna, ka yi aikin sau ɗaya kana bayani, minti biyu zuwa uku, aiki ɗaya bidiyo ɗaya. Ka ajiye su wuri guda a Google Drive. Ranar da wannan mataimakin ya tafi, na bayansa da su zai koya, ba sai ka sake zama ba.

Wa za ka ɗauka

Harshe ne ma'auni na farko. Kwastoman Kumasi yana iya fara saƙo da Turanci, ya ci gaba da Twi, ya rufe da Hausa, kuma da yawa ba sa rubutu sam, saƙon murya suke turowa. Na Arewa wani zai zo da Dagbani. Saboda haka masu aiki daga ƙasashen waje da ake samu a shafukan ɗaukar ma'aikata ta intanet irin Upwork da Fiverr ba su dace da amsa wa kwastomominka ba, kome iya aikinsu, ga shi kuma da dala ake biyansu. Inda suke da amfani shi ne aikin da ake yi sau ɗaya a gama, irin zana tambarin shago ko tsara shafin intanet.

Don aikin yau da kullum nemi na gida: ɗalibin Jami'ar Kwame Nkrumah (KNUST) ko Jami'ar Fasaha ta Kumasi da ke da sarari da yamma, wanda ya gama bautar ƙasa yana jiran aiki, ko matar aure mai ilimi da ke son aiki daga ɗakinta. Ga mai sayar da abaya da kayan mata, mace ta fi, don akwai tambayar awo da kwastoma ba za ta yi wa namiji ba. Ɗan'uwa na jini kuwa a yi tunani sau biyu. Ba don rashin amana ba, sai don ranar da aiki ya lalace ba za ka iya sallamarsa ba sai maganar ta kai gaban manya.

Kada ka ɗauki kowa da hira kawai. Zaɓi mutum biyu ko uku, ka ba kowa gwaji iri ɗaya, ka biya su kuɗin ranar. Ciro tsofaffin saƙonni 10 na gaske, ka goge sunaye da lambobi, ka ba su tare da takardar kaya. A ciki ka sa mai neman kayan da ya ƙare, da mai magana da tsohon sidi, da mai roƙon bashi, da mai zagi, da tambaya ɗaya wadda amsarta ba ta cikin takarda ko kaɗan. Wannan ta ƙarshen ita ce gwajin. Wanda ya ce "bari in tambaya in dawo miki" shi kake nema. Wanda ya ƙirƙiro amsa mai daɗi, haka zai riƙa ƙirƙira da sunanka.

Tambaye shi wace waya yake da ita, layin wane kamfani ne ke kamawa a ɗakinsa, kuma me zai yi in dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya zo. Batirin ajiya da layi na biyu na wani kamfanin sun isa. Ga Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da idonka, ka san gidansu, ka sami babba ɗaya a unguwa da zai tsaya masa. Aikin na nesa ne, amma a Zongo ba a rasa wanda ya san wanda ya san shi.

Makullai

Ka'idar guda ce: ba shi ƙofar shiga aiki, makulli ya zauna a hannunka.

Raba layin sana'a da na gida tukuna. Duk wanda ka haɗa da WhatsApp ɗinka yana ganin kowace hira da ke kan wannan layin, har ta iyali. Layin sana'a ya kasance an yi masa rajista da Ghana Card ɗinka, katin SIM ɗin kuma yana cikin wayarka. Kada ka yarda a ce "bari mu yi amfani da layina kawai, ya fi sauƙi". Ranar rabuwa da kwastomominka zai tafi, kuma ba ka da bakin magana, don layin nasa ne.

Sa WhatsApp Business a kan layin, ka haɗa na'urar mataimaki ta sashen haɗa na'urori. Ana iya haɗa har guda huɗu. In yana kusa, wayarka za ta ɗauki hoton alamar da ta fito a tasa. In yana nesa, kwamfutarsa za ta nuna masa lamba mai harafi 8, ya karanto maka, kai ka shigar a wayarka. Lura da kyau: kai ne mai shigarwa. Lambar nan mai lambobi 6 da ke zuwa ta saƙon tes lokacin rajista ita ce makullin gidan gaba ɗaya, wadda ba a karanta wa kowa, ko mataimaki ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lambar sirrinta kai kaɗai ka sani. Kuma babbar wayar kada ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a cikinta ba, in ba haka ba na'urorin da aka haɗa za su fita da kansu. Mai shirin tafiya Hajji ko Umara ya tuna da wannan.

A cikin manhajar akwai amsoshin da ake ajiyewa, a kira su da alamar / da gajeren suna. Ku rubuta kamar goma tare: gaisuwa, yadda ake biya, kuɗin aikawa, inda shago yake, ba da haƙurin kaya ya ƙare. Akwai kuma alamomin da ake liƙa wa hira. Huɗu sun isa: sabuwar oda, ana jiran kuɗi, an biya, an aika. Da su za ka buɗe waya ka ga halin da ake ciki ba tare da ka tambayi kowa ba.

Facebook da Instagram ba sai ka ba da kalmar sirri ba. Ta Meta Business Suite za ka gayyace shi da nasa asusun, ka ba shi ikon amsa saƙo da ɗora hoto, ka hana shi cikakken iko. In za a yi tallar kuɗi, sa wa asusun tallar iyakar abin da zai iya kashewa.

MoMo kuwa, wato asusun kuɗi na waya, babu rabawa. Lambar sirri ba ta fita daga bakinka. Tsarin shi ne kwastoma ya biya, ya turo lambar shaidar biya, mataimaki ya rubuta ta a takardar oda, kai ka duba a manhajar ko ta *170# in MTN ne, ka sa alama cewa kuɗi sun shigo, sannan kaya su fita. Hoton rasit ba shaida ba ne, ana ƙirƙirarsa. Saƙon tes ma ana ƙirƙira, shi ya sa abin dubawa shi ne ko kuɗin da ke asusu sun ƙaru. Don kada wannan ya sake cinye maka yini, tsayar da lokuta uku na dubawa, a ce ƙarfe 10, bayan azahar, da ƙarfe 5, a kuma gaya wa kwastoma tun farko. Ka gargaɗi mataimaki a kan masu kira su ce sun yi kuskuren turo kuɗi a mayar musu: amsarsa ita ce su kira kamfanin layin, shi ba ya mayar da komai.

Akwai ɓarna ɗaya da ba a cika lura da ita ba sai ta yi nisa: mataimaki ya riƙa ba wasu kwastomomi tasa lambar MoMo, ya goge hirar. Maganinta a rubuta lambar biya da sunan da zai fito a bayanin shagon da ke WhatsApp, a kuma maimaita a kowane saƙon biya: "Idan sunan da ya fito ba wannan ba ne, kada ki tura." Lambar 'yan kasuwa ta MoMo Pay ta fi dacewa da wannan, don sunan shago take nunawa. Lokaci-lokaci kuma ka sa wani da mataimakin bai sani ba ya yi oda, ka ga lambar da za a ba shi.

Bin saƙo har ya isa

Wannan aikin ne mataimaki ya fi saurin sauke maka. Yaron shago ya kai ƙunshi tashar VIP a Asafo in Akra za shi, ko motar Tamale ko Bolga ko Wa. Kafin ya bar tasha ya ɗauki hoton rasit da na ƙunshin da sunan mai karɓa a jiki, ya karɓi lambar mota da ta direba in da hali, ya turo. Mataimaki ya tura wa kwastoma nan take, ya faɗa masa tashar da zai je da kuma cewa ya riƙe katin shaida. Da lokacin isowa ya yi ya kira ya ji ko an karɓa. Ba a rufe oda sai kwastoma ya ce kaya sun shiga hannunsa.

Lambar wayar mai karɓa a karanta masa ita a maimaita, don lamba ɗaya da ta kuskure tana sa ƙunshi ya kwana uku a tasha. A kuma yanke tun kafin kaya su fita wa zai biya kuɗin mota. A cikin gari, adireshin GhanaPost GPS, wanda aka fara a 2017, yana taimakawa, amma a lungunan Aboabo da Sabon Zongo mai babur ya fi gane "bayan masallaci, kusa da mai waakye". A karɓi duka biyun, a ƙara da alamar wuri ta WhatsApp.

Mai sayo kaya daga waje yana iya ba mataimaki bin dillalai ma, ban da ciniki. Sai ya san agogo: Guangzhou tana gaban Kumasi da awa 8, saboda haka saƙon da aka tura bayan asuba, wajen ƙarfe 6, yana samunsu ƙarfe 2 na rana, na ƙarfe 10 kuwa ya tarar ana shirin tashi. Dubai awa 4 ce, Kano da Legas awa 1, Lome kuwa agogonmu ɗaya.

Biya da yarjejeniya

Biyan wata a kan sa'o'i sanannu ya fi zama lafiya, misali 9 zuwa 1 da 4 zuwa 8, Litinin zuwa Asabar, da hutun Juma'a daga 12 zuwa 2. Kuɗin data daban, kada a cusa shi cikin albashi, in ba haka ba zai riƙa tsimin buɗe hotuna da saƙon murya. Biya da kamisho zalla yana da illa: zai bi manyan oda ya bar mai tambayar yadi biyu, ya kuma riƙa alkawarin abin da babu. In kana son ƙarfafa masa gwiwa, ɗan ƙari a kan odar da ta isa lafiya ba ƙorafi ya fi.

Lissafin ko abin ya biya kansa ba shi da wuya. A ce albashi da data sun kama sidi 700 a wata, ribarka a rabin turmi kuma sidi 35: ƙarin ciniki 20 a wata ya rufe kuɗin, ban da awa 50 da suka dawo hannunka. Sa naka lambobin ka gani. In ba su rufe ba, rage sa'o'in, kada ka rage kuɗin awa.

Mafi ƙarancin albashin yini a Ghana a 2025 sidi 19.97 ne, kuma ana sabunta shi, sai ka duba na shekarar da kake ciki. Wannan ƙasan doka ne kawai. Mai jin harshe uku da iya rubutu ba zai zauna a kansa ba. Idan aikin ya zama na cikakken lokaci, ya koma ma'aikaci a ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2003, da gudummawar SSNIT, wato asusun fansho na ƙasa, kashi 13 daga mai aiki, kashi 5.5 daga albashin ma'aikaci. Harajin tura kuɗi ta waya da aka fara a 2022 an soke shi a Afrilun 2025, amma kuɗin cirewa wurin wakili yana nan, ku yanke wa zai ɗauka.

Ku rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya, ku sa hannu da shaida: aikin, sa'o'i, ranar biya, sanarwar mako biyu kafin rabuwa, da cewa lambobi da adireshin kwastomomi na shago ne, ba a kwafe su ba a ba wani. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta ɗora alhakin tsare su a kan mai sana'ar da ya tara su, wato kai. Maganar azumi da jajibirin salla ma a yi ta tun yanzu. Saƙo yakan koma dare bayan tarawihi, aiki ya ninka, sai a sauya sa'o'i a ƙara kuɗi kafin watan ya kama, ba a tsakiyarsa ba.

Watan farko

Makon farko ba za ka ga ragin aiki ba, ƙaruwa ma zai yi. Kwana uku na farko ya rubuta amsa ya turo maka ka duba kafin ta tafi. Daga nan zuwa ƙarshen mako na biyu ya amsa da kansa, kai ka karanta hirarrakin da dare. Bayan haka ka riƙa zaɓar biyar a yini. Duk tambayar da ya yi maka, amsa ta, sannan ka sa shi ya ƙara ta a shafin dokoki. Tambaya ɗaya ta dawo sau uku, laifin takardar ne.

Kowane dare ya turo rahoto a rubuce, layi biyar: saƙo nawa suka shigo, oda nawa, nawa ke jiran kuɗi, wane ƙunshi ne bai isa ba, me ke jiran hukuncinka. Tambayoyin da ba na gaggawa ba ya tara su zuwa lokutan duba MoMo.

Yawancin abin da ke rushe tsarin daga wajen maigida yake fitowa. Ya ga saƙo ya shigo, hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya amsa da wani farashi daban da wanda mataimaki ya faɗa minti biyar da suka wuce. Kwastoma ta gane akwai ƙofa biyu, daga ranar ta daina yarda da ta farko. In za ka karɓi wata hira, sa mata alama tukuna, shi kuma ya janye. Ko maigida ya ƙara farashi a shago saboda dala ta motsa, ya manta takarda. A nan kwastoman da aka riga aka faɗa wa tsohon farashi a ba shi a haka, asarar ta mai mantuwa ce. Sai umarni ta saƙon murya na minti biyar mai ɗauke da abu bakwai, ana yi ana gaisawa da masu wucewa. Murya ba a iya bincika ta bayan mako guda. In murya ta fi maka sauƙi, yi, amma ya rubuto maka abin da ya fahimta ka ce haka ne.

Sabon aiki a ƙara shi ɗaya bayan ɗaya, sai na baya ya zauna mako biyu ba gyara: ɗora hotunan safe, tunatar da masu bashi da lafazin da kai ka tsara, rubuta kuɗin shiga da fita. Tura talla ga ɗaruruwan lambobin da ba su ajiye taka ba kada ya shiga ciki, don in mutane suka yi ta kai ƙara WhatsApp na iya rufe layin, da duk hirarrakin kwastomominka a ciki.

Ranar rabuwa, ko da daɗi aka rabu, a yi komai a zama ɗaya. Cire na'urarsa daga WhatsApp, cire shi daga Meta Business Suite da Google Sheets da Google Drive, canza duk kalmar sirrin da ta taɓa bi ta hannunsa. Ku bi odar da ke buɗe ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda aka biya ba a aika ba. Biya shi haƙƙinsa cif a ranar, ya sa hannu. Sannan ka ɗora sanarwa a WhatsApp kwana biyu ko uku a jere cewa lambar shago da lambar biya ba su canza ba, kuma shagon ba shi da wata lamba ban da su.